Mashin Ɗin Da Ya Warke Da Kansa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na zuba babbar rigata, na kafa hula, na hau mashin na kai ƙarar ɗan'uwana caji ofis a Bagudo ba. Ƙarar sihiri kuwa. Ku yi dariyarku, mutanen garinmu sun riga ku, sun yi har sun gaji.

Sana'ata sayen busasshen kifi a kasuwar Lolo, in kai Bagudo in sayar. Boko na ɗan taɓa shi, a aji biyu na sakandare na tsaya da mahaifinmu ya rasu aka ce in dawo gona. Waɗanda nake ba satar amsa a aji yau suna ofis, in sun hango ni sai su ɗaga gilashin mota (ban ce Allah ya isa ba, amma na kusa). Duk abin da na mallaka mai motsi, in ka cire awakin matata Kulu, mashin ɗina ne. Ja ne, irin wanda kowane ɗan kabu-kabu ke hawa daga nan har cikin Benin, kuma a bakin iyakar nan ba kowa ke damuwa da maƙala lamba ba. Nawa dai akwala ne. Birki sai ka taimaka masa da ƙafa, madubin hagu ya faɗi tun ban yi furfura ba, hon ɗinsa kamar tunkiya mai mura. Makullin kuwa ya cinye ya yi sumul.

Sai Ɗanjumma. Ubanmu ɗaya, uwa kowa da tasa, kuma akwai maganar iyakar gona a fadama tsakaninmu wadda ta girmi 'ya'yanmu duka. Ba ma gaisawa. Ko tuntuɓe na yi a lokacin, da sunansa nake tashi.

Ranar da abin ya fara damina ta yi nisa, kogi ya cika ya batse. Na ajiye mashin da safe kusa da rumfar mai faci, cikin sauran mashina, na shiga kasuwa. Wata mai kifi daga ƙetare ta raina mini hankali a ciniki, muka yi ta sa-in-sa har na yi zuciya na fito hannu rabbana. La'asar ta yi. Na tarar wata babbar mota ta shigo ɗaukar shinkafa, an ture mashinan nan an watsa su ko'ina. Na duba nan, na duba can, sai na hango ja guda ɗaya a gindin tsamiya.

Wanda ya san Lolo ranar kasuwa ya san ko wurin ajiye tsinke babu. Amma gindin tsamiyar nan fili ne fayau. Ba mai talla, ba mai tabarma, ko akuya babu. Mashin ɗin kawai, shi kaɗai, ganyen tsamiya da kashin tsuntsu sun rufe sirdin. Na ce a raina, wato da rashin mutuncin ya tashi nawa suka jefar inda tsuntsaye ke kashi. A hannun mashin ɗin kuma an rataye wani ɗan gora. Na buɗe, fura ce da nono, damun ranar, sanyi ƙalau.

Mai hankali zai tsaya ya yi tambaya. Ni na shanye. (Rana ta dafa ni, kuma a ganina abin da aka rataya a mashin ɗina nawa ne.) Na share sirdi da hula, na sa makulli, ya juya. Sai da na yi ta buga shi kafin ya tashi, yana tashi kuma na ji wurin ya yi tsit. Ba kasuwar duka ba, wannan kusurwar dai. Mai tsire ya daina fifita, mata masu nono sun bi ni da ido, wata ta dafe baki. Mai faci ya miƙe rabi, guduma a hannu, ya ce, "Malam..."

Na ce, "Mi kaka kallo? Ba ka taɓa ganin mutum bisa mashin ba?"

Ya koma ya zauna. Na fizgi mashin na wuce.

A hanya na fara jin abin da ba daidai ba. Wata saniya ta gitta, na taka birki ina shirin sauke ƙafa kamar kullum, sai mashin ya tsaya cak har na kusa wuntsilawa ta gaba. Na danna hon, ya yi wata ƙara mai kaifi wadda ban san shi da ita ba. Na waiga hagu, sai na yi ido huɗu da kaina. Madubin da ya faɗi tun shekaru, ga shi nan a maƙale, fuskata a ciki tana kallona.

Hadari ya taso daga yamma, gari ya yi duhu-duhu alhali rana ba ta faɗi ba, iska ta ɗauke ɗif. Na iso wani wuri da burtali ya ratse daga hanya ya nufi wata ruga, wallahi na ji kan mashin ɗin yana ja can, kamar jakin da ya ga hanyar gida. A bakin burtalin wata tsohuwa ce tsaye da sanda, siririya, cikin baƙin zane. Ba ni take kallo ba, idanunta farare ne tas. Ta karkata kai tana bin ƙarar injin, ta ɗaga hannu ta kira da wata murya mai rawa.

"Sambo! Sambo!"

Ban san wani Sambo ba. Na murɗa mai iya ƙarfina, ina karanta duk abin da ya zo bakina, har da addu'ar shiga kasuwa. A madubin nan na la'ana ina ganinta tana ƙanƙancewa, hannu a sama, ba ta sauke ba.

Da na isa gida Kulu ta zagaya mashin ɗin ta ce, "Malam, gyara ka kai shi?"

Na ce, "Da wane arziki?"

Ta shinshina ta ce, "Warin shanu shi kai." Awakinta da kullum suke kwanciya a ƙarƙashinsa suka tsaya nesa suna kallo. Na buɗe ɗan akwatin da ake sa sifana, maimakon tsummana da filaya sai ga laya ɗinke cikin jar fata, da wani ɗan mataji. Nan fa na zauna a ƙasa. Komai ya haɗu a kaina: an keɓe mashin a gindin tsamiya, gidan aljanu. An sa laya. An aje fura, ni kuma uban 'yan kwaɗayi na zuba ta a cikina. An tsayar da mayya a hanya tana kirana da sunan da ba nawa ba don kurwata ta amsa. Wa zai yi mini haka in ba Ɗanjumma ba?

Kulu ta ce a hankali, "Malam, anya naka na?"

Na daka mata tsawa. "Makulli ya buɗe ko bai buɗe ba? Ke da ko keke ba ki iya ba za ki koya mini mashin ɗina?"

Ta ce, "Allah shi huci zuciyarka," ta shige ɗaki.

Na tura shi zaure na rufe da buhu. Na yi kwanaki ban fita ko nan da can ba, ina jin cikina yana motsi, ina jiran in fara kumbura. In na bi ta zauren da rana tsaka sai in ga kamar buhun ya ɗan zame, madubin ya leƙo. Na sha rubutu, na sha saiwa, na yi ta zawo, na ce ga shi nan yana fita. Kifi kuwa ba na saye ba na sayarwa, gidan ya fara cin abin da aka ajiye don baƙi.

Kulu ce ta fara ambaton 'yan sanda. Ita nufinta in je in ce a duba mini mashin ɗin. Ni kuma na ji shawarar ta yi, amma ta wata fuska: in je in sa a kamo Ɗanjumma. Ban taɓa taka caji ofis da ƙafata ba, mu nan in ka ga mutum ya shiga, to jawo shi aka yi. Na tambayi 'yan majalisarmu na bakin masallaci yadda ake yi, kowa ya zama lauya. Wani ya ce kada in zauna sai an ce in zauna. Wani ya ce in fara da Turanci don su san ba bagidaje ba ne. Wani ya ce in je da shaida. Na ce shaida ai ita zan hau in je. Ina fita Kulu ta cusa mini rasit ɗin mashin a aljihu, wanda ta adana cikin kwalla tun ranar da na saye shi. Na harare ta, amma ban mayar ba.

Da hantsi na isa, gari lumshe, ana yayyafi. A harabar ofishin akwai wani gefe da ake tara mashinan da aka kama da waɗanda aka tsinta, wasu sun daɗe har ciyawa ta fito ta cikin ƙafafunsu, yaɗiya ta naɗe su. Kamar maƙabarta. Na faka kusa da wata jar akwala da ke bakin layi, har na ɗan shure ta na ce, "Ko wane matsiyaci ad da wagga?" Wani kofur da ke zaune a baranda ya ji ni. (Ku riƙe wannan, zai dawo.)

Na shiga da sallama. Kanta ce doguwa, Sajan a bayanta, mutum mai jiki da sanyin magana. A benci gefe guda wani Bafulatani ne matashin magidanci, sanda a tsakanin gwiwoyi. Kusa da shi kuma wata ce a tsaye, fuskarta na kallon ƙofa.

Ita ce. Baƙin zanen, sandar, fararen idanun. Ta miƙo hannu tana laluben iska ta wajena, ta ce, "Sambo? Kai na?"

Turancin da na shirya tun daga gida ya gudu. Na manne da kanta na nuna ta da yatsa na ce, "Yallaɓai, wagga ma tana ciki! Ita anka sa ta tare ni bisa hanya! Ta biyo ni har nan!"

Bafulatanin ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya dubi Sajan, ya yunƙura zai tashi. Sajan ya ɗaga masa hannu alamar ya zauna, ya jawo takarda ya ce, "Sannu Baba. Bi a hankali. Nan in mutum ya kawo ƙara, sunansa zai fara faɗa, da garinsu, da sana'arsa. Sannan abin da ya faru, da ranar, da wurin. Ni in rubuta, in karanta maka, in ka yarda ka sa hannu."

Na ji daɗin wannan tsari ƙwarai. Tun da nake ba a taɓa cewa za a rubuta maganata ba. Na gyara riga na fara, tun daga iyakar gona. Sajan ya ce in tsallake zuwa ranar kasuwa. Ya ce sihiri dai ba su da ma'aunin auna shi, amma in an yi wa mutum barazana, ko an ba shi wani abu ya ci don a cuce shi, wannan aikinsu ne. "An ba ka wani abu?"

Na ce, "Hura, yallaɓai! Cikin gora, rataye ga mashin, gindin tsamiya!"

Tsohuwar ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro. Ni ko a jikina. Na ci gaba da baje hujjoji, murya sama: birki ya gyaru, hon ya sake, madubi ya tsiro, ga laya. Na ciro layar na buga a kanta kamar mai cin caca. Bafulatanin ya miƙe tsaye, sandarsa ta faɗi ƙasa, bai ɗauka ba.

Sajan ya ce, "Baba, kana da rasit?"

Na miƙa masa da alfahari. Ya ce kowane mashin da lambarsa a jikin inji, ita ce sunansa na gaskiya, mu je mu gani. Muka fita cikin yayyafi, shi da ni da kofur da Bafulatanin, tsohuwar na biye tana riƙe da gefen rigarsa. Sajan ya tsuguna, ya goge inji da yatsa, ya dubi rasit, ya dubi inji. Ya matsa gefe, ya tsuguna gaban akwalar da na shura, ya goge, ya duba. Ya miƙe ya ce, "Ga naka."

Na dube ta da kyau. Madubin hagu babu. Ga wani tsummana ɗaure a kariyar ɗora kaya.

Kofur ya ce, "Oga, yanzun nan yake tambayar wane matsiyaci ne mai ita."

Sajan ya ce sarkin kasuwa ne ya sa aka kawo ta, da kasuwa ta watse aka ga ba mai ita, domin abin da aka tsinta nan ake kawowa. "Da ka zo ka ce mashin ɗinka ya ɓata, ka nuna wannan takardar, da tuni kana gida da abinka." Sannan ya dafa jan da na hau na zo, muryarsa ta sake. "Wannan na Sambo ne, ƙanin Buba da ke tsaye nan, ɗan wannan baiwar Allah. Ya ajiye shi gindin tsamiya tun kasuwar da ta gabaci wadda ka ɗauko shi, ya shiga jirgi zai tsallaka ƙetare ya dawo. Har yau ba a gan shi ba. Sun kawo rahoton ɓatansa, mun aika wa na ƙetare, ana nema. Mun so mu ɗauko mashin ɗin, uwar ta roƙa a bar shi inda ya aje, don in ya fito daga ruwa ya tarar da abinsa. Sai aka wayi gari wani mai furfura ya zo da makulli ya tafi da shi." Ya dube ni. "Baba, ina ka samu makullin Sambo? Ina Sambo?"

Jama'a, akwai kunya, akwai tsoro, ban san suna zuwa tare ba sai ranar. Buba bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Kallona kawai yake, irin kallon da ake yi wa ramin da ake zaton akwai gawa a ciki. Ita kuwa tsohuwar ta saki rigarsa, ta lalubo mashin ɗin, ta shafa tanki, ta shafa sirdi. Injin da sauran ɗumi. Ta bar tafin hannunta a kai.

Aka shigar da ni bayan kanta. Aka ce in cire hula, in cire babbar riga, in zauna a ƙasa. Rigar da na yi wa guga da gawayi don in burge hukuma, ga ta rataye a ƙusa. Na rantse, na sake rantsewa, na ce makullina ne, na shekara da shekaru. Sajan ya karɓa ya fita, ina hango shi ta taga yana bin matattun mashinan nan ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa. Wannan ya buɗe. Wancan ya buɗe. Wani da ciyawa ta cinye rabinsa ma ya buɗe. Ashe makullin da nake taƙama da shi, har na yi wa matata tsawa a kansa, ba ya da amana ko kaɗan, kowa nasa ne.

Aka aika Lolo aka zo da mai faci. Ya ce shi ya ɗauka dangin mai mashin ne suka aiko, ya so ya tambaya, "sai dattijon yat taso mini awa zaki." Ya ce kuma ya san ni, kullum kasuwa da akwalata nake zuwa, ranar da Sambo ya shiga jirgi ma ina can ina faɗa da masu kifi. (Karo na farko da faɗa ya amfane ni.) Sajan ya ce to, za a ba da belina, kyauta ne, amma sai wani magidanci sananne ya tsaya mini, wanda zai kawo ni duk ranar da aka neme ni. Aka aika garinmu. 'Yan majalisar nan lauyoyi, da suka ji maganar ɓatan mutum ce, kowa ya tuna yana da aiki a gona.

Bayan la'asar na ji sallama a bakin kanta. Ɗanjumma. Kulu ce ta je ta same shi. Ya leƙo ya gan ni zaune a ƙasa daga ni sai 'yar shara, ya ce, "Yaya, an ce ka kawo ƙarata. To ga ni, na hutar da su zuwa."

Sajan, don neman magana, ya tambaye shi ko yana so a karanta masa bayanina. Ya ce, "A'a yallaɓai, bar shi. Ni da zan iya sihirin da ka gyara birki, da na buɗe gareji." Ya dangwala yatsa, aka miƙo mini rigata.

A baranda na tarar da su, Buba da uwarsa, suna jiran ruwa ya tsagaita. Na so in wuce, sai na fasa. Na tsuguna gabanta na ce, "Inna, ki gahwarce ni. Na kira ki da abin da ba ke ba."

Kamar ba ta ji wannan ba. Ta juyo da fararen idanun nan ta ce, "Kai kash sha hurar?"

Na ce, "Ni na, Inna."

"Duka?"

"Duka."

Buba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, kullum sai ta dama ta ba masu kai nono su rataya masa, da yamma a dawo mata da goran cike. Ranar nan aka ce mata babu gora, babu mashin, ga shi kuma ta ji ƙararsa da kunnenta ya wuce. Ta sa aka share ɗakinsa.

Tsohuwar ta ce, "Nonon bai yi tsami ba?"

Na ce, "Bai yi ba, Inna. Ta yi daɗi."

Ta gyaɗa kai ta ce, "To madalla. Shi ba ya son mai tsami. Ka maido min gorana."

Na mayar, washegari, har rugar, a kan akwalata. Da na doso ba ta fito ba. Ta san ba ƙarar ba ce.

An kira ni ofishin bayan nan, na je, an sallame ni. Har yau da nake rubutun nan ba a ji ɗuriyar Sambo ba. Mashin ɗin ya koma gindin tsamiya, da sanin hukuma, sai dai an sa masa sarƙa. In na je Lolo can nesa nake fakawa, na canza makulli, na ɗaura jan ƙyalle a kariya, lambar injin kuwa na haddace ta fiye da karatun da na yi a aji biyu. Amma ko ban so ba sai idona ya kai can. Goran na nan rataye, madubin hagu na kallon kogi.

Da Ɗanjumma yanzu muna gaisawa, shi da fara'a, ni da ƙyar. Maganar gona tana nan, sai dai duk ranar da na ɗaga murya sai ya tambaye ni lafiyar birki.

Abin da na koya ba shi da yawa. Caji ofis ƙofarsa a buɗe take, kuma abin da ka faɗa shi za a rubuta, don haka ka tabbata ba kanka ka kawo ba. In matarka ta ce "anya", tsaya ka duba. Sannan mutum irina, duk ranar da ya ga abinsa ya gyaru da kansa, kada ya nemi malami, kada ya zargi ɗan'uwa. Ya sauka kawai, ba nasa ba ne.